Hutun jirgin ruwa a mashigan Ingila: Tarihinsa, tsarinsa da mashayun bakin hanya

A Ingila da Wales akwai wani salon hutu da ya shahara tsakanin iyalai da abokai da ma'aikatan ofis ɗaya. Mutum shida ko takwas ko goma sukan haɗa kuɗi su yi hayar wani dogon siririn jirgin ruwa na kwana uku ko huɗu ko mako guda. A cikinsa suke kwana, a cikinsa suke girki, su ne kuma matuƙansa. Suna bin haƙaƙƙun mashigan ruwa da aka gina tun ƙarni na 18, da maraice kuma su ɗaure jirgin kusa da wata mashayar bakin ruwa su ci abincin dare. Gudun jirgin bai wuce saurin mai tafiya da ƙafa ba, don haka abin da mota za ta ci cikin awa biyu yana iya ɗaukar mako guda. Wannan jinkiri shi ne abin da masu hutun suke biya da kuɗinsu.

Asalin mashigan

Ba don shaƙatawa aka haƙa waɗannan hanyoyi ba. A tsakiyar ƙarni na 18 hanyoyin ƙasa na Ingila sun lalace ƙwarai, musamman lokacin sanyi da ruwan sama, kuma jigilar kaya masu nauyi kamar kwal da ƙarfe tana cin kuɗi mai yawa. A 1761 aka buɗe mashigin Bridgewater, wanda basarake Francis Egerton ya biya kuɗin haƙa shi domin kai kwal daga mahaƙarsa ta Worsley zuwa Manchester. Injiniya James Brindley na cikin waɗanda suka tsara aikin. Ba a daɗe ba farashin kwal a Manchester ya faɗi da kusan rabi, sai attajirai suka farga cewa akwai riba a harkar.

Sirrin ribar yana cikin lissafin doki. Dokin da zai sha wahala da tan ɗaya ko biyu a amalanke yana iya jan jirgi mai tan 30 a kan ruwa, yana tafiya a turbar da aka share masa a gefe. Josiah Wedgwood, mai masana'antar tangaram, ya goyi bayan haƙa mashigin Trent da Mersey, wanda aka kammala a 1777, domin kayansa masu fashewa su isa tashar Liverpool lafiya. A shekarun 1790 zuba jari a mashigai ya zama ruwan dare, kamfanoni suka yi ta neman izinin majalisa, ma'aikata kuma suka haƙa ɗaruruwan mil da diga da shebur.

Jirgin ƙasa ne ya karya kasuwar. Bayan buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a 1830, kuɗin dakon ruwa ya yi ta faɗuwa. Matuƙa da yawa sun kasa biyan hayar gida, sai suka kwaso matansu da 'ya'yansu suka koma zama cikin ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan jirgin. Halin da yaran ke ciki ya sa majalisa ta yi dokar jiragen mashigi a 1877. Daga waɗannan iyalai ne aka gaji al'adar yi wa jirgi da bokiti da ƙofa zanen furanni da gidajen sarauta, wadda har yau ake gani a jikin jiragen haya.

Gwamnati ta karɓe yawancin mashigan a 1948, amma dakon kaya ya ci gaba da ja da baya. Tsananin sanyin 1962 zuwa 1963, wanda ya daskarar da ruwan na tsawon makonni, ya kori sauran abokan ciniki zuwa manyan motoci.

Yadda suka koma wurin hutu

Masu sha'awa ne suka ceci mashigan daga cikewa. A 1939 injiniya kuma marubuci L. T. C. Rolt ya yi yawo a jirginsa mai suna Cressy, ya rubuta littafin Narrow Boat, wanda ya fito a 1944. Littafin ya ja hankalin jama'a, har a 1946 Rolt da Robert Aickman da wasu suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa na cikin ƙasa. Dokar sufuri ta 1968, wadda Barbara Castle ta gabatar da ƙudirinta lokacin tana ministar sufuri, ta ware wasu mashigai a hukumance domin yawon shaƙatawa. 'Yan sa-kai sun shafe shekaru suna kwashe laka da gyara ƙofofi. Mashigin Kennet da Avon, wanda aka gama a 1810 kuma ya lalace daga baya, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta sake buɗe shi a 1990.

Tun daga 2012 gidauniyar Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na mashigai da koguna a Ingila da Wales. Sikotlan tana da tata hukumar daban.

Jirgin kansa

Faɗin siririn jirgi bai wuce ƙafa 6 da inci 10 ba, wato mita 2 da ɗoriya, tsawonsa kuma yana iya kaiwa ƙafa 70. Girman ɗakunan ruwan da aka gina a zamanin Brindley ne ya ƙayyade wannan awo, domin faɗinsu kusan ƙafa 7 ne kawai. Jiragen haya na yau da ƙarfe ake ƙera su, injin dizal ke tafiyar da yawancinsu, kuma nauyin babba yana kai tan 15 zuwa 20. A ciki akwai gadaje, da kicin mai murhun gas da firji, da banɗaki da wurin wanka, da na'urar ɗumama ɗaki. Mafi girma yana ɗaukar mutum 12.

Mai haya ba ya buƙatar lasisin tuƙi. Ranar karɓar jirgi ma'aikacin kamfani yakan nuna wa tawagar yadda ake tayar da inji, da duba mai da ruwa, da ɗaure igiya, da cire ciyawa ko leda idan ta naɗe farfela. Matuƙi yana tsaye ne a bayan jirgi riƙe da doguwar sandar tuƙi, kuma abin da ke rikita sabon shiga shi ne idan ya tura sandar hagu, goshin jirgin dama zai nufa. Jirgin ba shi da birki. Sai an sa giyar baya yake rage gudu, shi ma a hankali. Iyakar gudun da aka yarda da shi mil 4 ne a awa, kuma al'ada ce a rage sosai idan za a wuce jiragen da ke ɗaure, don kada igiyar ruwa ta girgiza na ciki. A kan titin Birtaniya hagu ake bi, amma a kan ruwa dama ake riƙewa idan jirage biyu suka haɗu.

Ɗakin ruwa

Ruwan mashigi a kwance yake, ba ya gangara kamar kogi. Inda ƙasa ta hau ko ta sauka, sai a gina abin da Turawa ke kira lok, wato ɗaki na bulo ko dutse mai ƙofofin katako a gaba da baya. Jirgin da zai hau tudu yana shiga ta ƙofar ƙasa, a rufe ta. Sai a buɗe ƙananan tagogin ƙofar sama da wani lanƙwasasshen maƙulli na ƙarfe, ruwa ya kwararo ya ɗaga jirgin har ya yi daidai da ruwan gaba. Sai an kai wannan daidaito ƙofar sama take buɗuwa, domin kafin nan nauyin ruwa ya danne ta. Mai sauka kuma akasin haka yake yi. Duk aikin da ƙarfin hannu da baya ake yinsa, kuma yakan ɗauki kamar minti 15.

A nan amfanin tafiyar rukuni yake fitowa. Mutum ɗaya yana tuƙi, biyu suna ƙofofi, wani ya yi gaba ya shirya ɗaki na gaba, wani yana kicin yana dafa shayi. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, musamman inda ɗakunan suka jeru kamar matakala. A Tardebigge, kan mashigin Worcester da Birmingham, ɗakuna 30 ne a jere. A Devizes akwai 29, kuma 16 daga cikinsu suna hawa tudun Caen Hill a miƙe. A Hatton, kan mashigin Grand Union, akwai 21. Tawagar da ta shiga irin wannan matakala da safe takan fito da rana tsaka ko bayan haka.

Hanyoyin da aka fi bi

Masu hutun mako guda sun fi son zagaye, wato hanyar da za ta dawo da su inda suka taso ba tare da maimaita wuri ba. Zagayen Larduna Huɗu, wanda ya ratsa Cheshire da Staffordshire da Shropshire da West Midlands, tsawonsa mil 110 ne da ɗakunan ruwa 94. A cikinsa ne ake ratsa kogon Harecastle, wanda Thomas Telford ya kammala a 1827, mai tsawon fiye da kilomita 2 da rabi; jirage suna shiga ne rukuni-rukuni daga gefe ɗaya, bisa umarnin masu gadi. Tsohon kogon Brindley da ke kusa da shi ba shi da turbar doki, don haka a da matuƙa kan kwanta rigingine su riƙa tura bango da ƙafa har su fita. Zagayen Cheshire kuwa mil 97 ne da ɗakuna 92, yana bi ta tsakiyar Manchester.

Lissafin lokaci yana da sauƙi, amma sababbin tawagogi sukan yi sakaci da shi. Idan aka ɗauki mil 3 a awa da minti 15 ga kowane ɗaki, Zagayen Larduna Huɗu zai ci kusan awa 60. A kwana shida na tafiya, awa 10 ke nan kullum, ba zaman mashaya da rana, ba yawon ƙauye. Shi ya sa masu son tsayawa sukan zaɓi gajeriyar hanya, su je su dawo.

Mashigin Llangollen, da ke shiga Wales, yana cikin waɗanda baƙi suka fi so saboda gadar ruwa ta Pontcysyllte. Telford da William Jessop ne suka gina ta, aka buɗe ta a 1805. Kwami ne na ƙarfe cike da ruwa, tsawonsa mita 307, a saman ginshiƙai masu tsayin mita 38 daga kogin Dee, kuma a gefe ɗaya babu shinge tsakanin matuƙi da sarari. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. A arewa akwai mashigin Leeds da Liverpool mai mil 127, da kogon Standedge na mashigin Huddersfield, mai fiye da kilomita 5, wanda ya fi kowane kogon mashigi tsawo a Birtaniya. Birnin Birmingham kaɗai yana da kimanin mil 35 na mashigai.

Mashayun bakin ruwa

Abin da Turawan Ingila ke kira fab, asalinsa gida ne mai lasisin sayar da giya, amma aikinsa a ƙauye ya wuce haka. Shi ne dandalin hira, shi ne gidan abinci, nan ake kallon ƙwallo, nan ƙungiyoyin unguwa ke taro. Na bakin mashigi sun taso ne tare da dakon kaya. Matuƙi da ya wuni yana bin doki yana buƙatar barga da ciyawa da abinci da wurin jin labarin inda kaya suke jira, sai aka gina irin waɗannan gidaje a mahaɗar mashigai da bakin koguna da ƙarshen matakala. Dokar gidajen giya ta 1830, wadda ta sauƙaƙa samun lasisi, ta ƙara yawansu. Sunayensu ma suna nuna asalinsu, domin da yawa ana kiransu da sunan jirgi ko anka ko tashar lodi.

Wasu sun shahara tsakanin matafiya: The Swan a mahaɗar Fradley, inda mashigin Coventry ya haɗu da na Trent da Mersey, The Greyhound a mahaɗar Hawkesbury kusa da Coventry, The Boat Inn a ƙauyen Stoke Bruerne, inda akwai gidan tarihin mashigai kusa da kogon Blisworth, da The Shroppie Fly a Audlem, a tsakiyar matakala mai ɗakuna 15. Littattafan jagora na matuƙa suna nuna wurin kowace mashaya a taswira kamar yadda suke nuna famfon ruwa da wurin juya jirgi, kuma tawagogi da yawa da su suke tsara zangon kowace rana.

Al'adar wurin tana da ƙa'idojinta. Baƙo yakan je kanta ya yi oda ya biya, maimakon ya zauna yana jiran ma'aikaci. A cikin rukuni kowa yakan sayi abin sha na duka tawagar bi da bi. Ma'aunin giya shi ne fayin, mililita 568. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma tun 2007 doka ta hana shan taba a cikin ginin. Abincin da aka saba shi ne soyayyen kifi da dankali, da fanke mai nama a ciki, da gasasshen naman ranar Lahadi. A ƙauyuka kicin yakan rufe da wuri, wajen ƙarfe takwas ko tara na dare, wasu gidajen kuma ba sa buɗewa a farkon mako, don haka tawaga mai yawa sai ta buga waya ta kama teburi.

Ana sayar da lemo da ruwan 'ya'yan itace da shayi da kofi, kuma iyalai da yawa abinci kawai ke kai su. Sai dai naman alade yana cikin jerin abincin yawancin gidajen, wani lokaci kuma akan kwaɓa fulawar suyar kifi da giya, saboda haka mai kiyaye halal sai ya tambaya. Wanda ba ya son shiga ko kaɗan yana da kicin a jirginsa, kuma garuruwan da mashigai ke ratsawa, irin su Birmingham da Leicester da Blackburn, suna da mahautan halal da masallatai.

Haɗurra da ƙa'idoji

Ruwan mashigi ba shi da zurfi sosai, ƙafa uku ko huɗu ne a wurare da yawa, amma ɗakin ruwa wuri ne mai haɗari. A ƙarƙashin ƙofar sama akwai wani dakali na dutse da ruwa ke rufewa. Idan jirgi mai sauka ya matsa baya da yawa, gindinsa zai hau dakalin yayin da ruwa ke janyewa, goshinsa ya nutse cikin 'yan mintuna. Shi ya sa ake zana farin layi a bango don nuna iyakar dakalin, kuma ƙa'ida ita ce duk wanda ya ga matsala ya sa a rufe tagogin nan take. A 1998 mutum huɗu masu buƙata ta musamman sun rasu a wani ɗakin ruwa kusa da Gargrave, lokacin da jirginsu ya maƙale ya nutse. Maƙullin ƙarfen ma yana iya juyowa da ƙarfi ya fasa haƙori ko ya karya hannu idan aka sake shi a kan sandarsa.

Shaye-shaye yana ƙara waɗannan haɗurra. Dokokin mashigai sun haramta tuƙa jirgi ga wanda maye ya hana shi sarrafa shi, kuma komawa jirgi da dare ta turba mai santsi da duhu ya sha jefa mutane cikin ruwan sanyi. Saboda haka tawagogi masu tsari sukan bar zaman mashaya sai an ɗaure jirgi da yamma, su tafi da tocila. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar rukunin maza zalla ko mata zalla sai da sharaɗi ko ƙarin kuɗin ajiya, saboda abin da suka gani na hayaniya da ɓarna. Jiragen haya ba sa tafiya bayan duhu, kuma ba a barin inji yana aiki a wurin ɗauri daga ƙarfe takwas na dare zuwa takwas na safe. Ana sa wa yara da waɗanda ba su iya iyo ba rigar ceto. Ruwan yana iya ɗauke da cutar da ke fitowa daga fitsarin ɓeraye, don haka ana rufe rauni a wanke hannu, ana kuma kula da na'urar gargaɗin iskar gas mai guba da ke cikin jirgi.

Kuɗi da lokaci

Jirgin ake haya gaba ɗaya, ba kujera ba, don haka yawan mutane yana rage wa kowa nauyi. Farashi yana hawa a watannin Yuli da Agusta, lokacin hutun makarantu, ya sauka a bazarar Turai da kaka. Wasu kamfanoni suna haɗa kuɗin dizal a ciki, wasu kuma sai an dawo a lissafa. Ɗaure jirgi a gefen turba kyauta ne a mafi yawan wurare, har zuwa kwana 14, sai inda allo ya nuna ƙasa da haka. Tawagogi sukan yi asusu ɗaya na cefane, su raba aikin girki da tuƙi tun kafin tashi, domin mutum takwas a ɗaki mai faɗin mita biyu sai da haƙuri. Daga Nuwamba zuwa Maris ake rufe sassa da dama domin gyara.

Abin da ke barazana ga harkar

Gine-ginen sun haura shekara 200, kuma kula da su yana da tsada. A watan Agustan 2019 wani ɓangare na madatsar Toddbrook, wadda ke ba mashigai ruwa, ya lalace bayan mamakon ruwan sama, aka kwashe kimanin mutum 1,500 daga garin Whaley Bridge. A ranar 1 ga Janairun 2025 gaɓar mashigin Bridgewater ta ɓalle kusa da Dunham Massey, abin da ya katse Zagayen Cheshire. Fari ma yana yin tasa ɓarnar, domin kowane jirgi da ya ratsa ɗaki yana tura dubban galan na ruwa ƙasa. A 2022 an rufe ɗakuna a mashigai da dama na arewacin Ingila saboda tafkunan ajiya sun ja baya. A 2023 gwamnati ta sanar da cewa tallafin da take bai wa gidauniyar zai riƙa raguwa daga 2027, gidauniyar kuma ta yi gargaɗin cewa hakan na iya kai ga rufe wasu mashigai.

Mashayun ma suna fama. Shekaru da dama ke nan adadinsu yana raguwa a Birtaniya saboda tsadar haya da makamashi da sauyin ɗabi'ar jama'a, annobar korona kuma ta ƙara tsananta lamarin. Na bakin ruwa da ke nesa da babban titi sun dogara ne da cinikin watannin zafi, don haka rufe mashigi na 'yan makonni a Agusta yana taɓa su kai tsaye, tare da kamfanonin haya da kantunan ƙauye. Wannan ne ya sa ake shawartar duk tawagar da ke shirin tafiya ta duba sanarwar rufe hanyoyi ta gidauniyar kafin ta biya kuɗi, ta kuma tambayi kamfanin wace hanya zai ba ta idan wadda ta zaɓa ta rufe.